Gidan Legas ba gidan Kano ba ne: kurakuran da ake yi wajen gane lalacewar gini a bakin teku

Wanda ya taso a Kano ko Sakkwato ko Maraɗi ya saba da gidan da rani ke yi wa magani. Damina ta yi wata huɗu, bango ya jiƙe, hunturu ya zo ya busar da shi ƙayau, shi ke nan sai baɗi. Da wannan tunanin mutanenmu ke sauka Legas, su sayi gida ko su gina a Agege, Idi-Araba, Obalende ko Ajah, su zauna jiran ranin da ba zai zo ba. Ruwan da ke sauka a Legas a shekara ya haura milimita 1,500, kusan ninki biyu na abin da Kano ke samu. Yana farawa tun Afrilu, ya ɗan sarara a Agusta, ya dawo a Satumba da Oktoba. Ko a watannin da babu ruwa iska cike take da laima, hunturun ma leƙowa kawai yake yi. Kusa da teku kuma iskar na ɗauke da gishiri. Bangon da ya sha ruwa a nan ba ya bushewa da kansa, kuma na gaji da maimaita wannan magana ga mutum ɗaya bayan ɗaya.

Kuskuren da ya fi yawa shi ne kiran mai fenti a inda ya kamata a kira birkila. Za ka ga gindin bango, daga ƙasa zuwa kamar ƙugun mutum, fenti ya yi bororo yana ɓarewa, wani farin gari irin na kanwa ya fito a kai, filasta na zubowa idan ka murza da yatsa. Ba fentin ne mara kyau ba. Ruwa ne ke hawowa daga ƙasa ta cikin bulo, kuma da wuya ya wuce mita ɗaya, shi ya sa tabon ke tsayawa a layi. Ko dai ba a shimfiɗa ledar hana danshi a kan fandisho ba lokacin gini, ko an shimfiɗa amma daga baya aka cika tsakar gida da yashi aka jera intalok har ya haura ta. Wannan na biyun ya zama ruwan dare a Lekki da Ajah, inda kowa ke ɗaga filinsa don ya fi na maƙwabci da titi tudu. Ledar nan ya kamata ta kasance sama da ƙasar waje da kamar santimita 15. Idan ƙasa ta rufe ta, amfaninta ya ƙare.

To me ake yi? Sai a shafa fentin mai, ko a manna tayil har rabin bango, a ce an huta. Ba a huta ba, an dai toshe wa ruwan hanyar fita ne, sai ya ƙara hawa ya ɓullo a saman tayil ɗin, ko ya juya ya fito ta cikin ɗaki bayan gado. Ni abin da nake yi kafin in kashe ko kwabo: in yanko leda mai faɗin tafin hannu biyu, in manna ta a bangon da salatif ta ko'ina, in bar ta kwana biyu. Idan raɓa ta taru a tsakanin leda da bango, ruwan daga cikin ginin yake. Idan a fuskar da ke kallon ɗaki ta taru, matsalar rashin shigar iska ce, maganinta taga, ba siminti ba. In daga ƙasa ne, sai a rage ƙasar da ke jingine da bango, a fitar da kwata nesa da fandisho, a fasa filastar da ta ruɓe, a bar bulon ya sha iska kafin a sake yaɓe.

Wannan duk kuɗi kawai yake ci. Wanda ke cin rai shi ne tsatsar rodi, kuma a kansa nake ɗaga murya.

Ka ɗaga kai ka dubi ƙarƙashin dakin, wato rufin kankare, ko baranda, ko linta, ko gefen ginshiƙi. In ka ga wani jan tabo yana tsiyaya, ko siririn tsagi miƙaƙƙe da ke bin layi guda, to rodin da ke ciki ne ya fara tsatsa. Ƙarfe idan ya yi tsatsa kumbura yake yi, har ninki biyu zuwa shida na girman abin da ya ci, sai ya tura kankaren daga ciki har ya fashe. Gishiri ne ke hanzarta abin, ko na iskar teku, ko wanda aka zuba cikin kankaren tun ranar farko da yashin da aka yaso daga ruwan gishiri ba a wanke ba. Ƙari a kan haka, a bakin teku ana so kaurin kankaren da ya lulluɓe rodi ya kai milimita 40 zuwa 50. Da yawa daga masu aiki ba sa ma saka biskit ɗin da ke ɗaga rodi daga katako, sai rodin ya kwanta dab da fata.

Akwai wani bene na kawuna a wajen Ajah da nake kula da shi. Ɗan haya ya nuna mini inda wani ɓallin kankare ya faɗo daga baranda, rodi ya bayyana ja wur. Birkilan da aka kawo ya ɗaga kai ya duba, ya ce, "Malam, ƙaramin aiki ne, buhu ɗaya ya isa." Ya kwaɓa siminti ya liƙe ramin, ya goge sumul, aka bi da fenti. Bai kankare tsatsar ba, bai duba iyakar inda ta kai ba. Damina ta zagayo, facin ya ɓallo gaba ɗaya tare da abin da ke gefensa, a daidai inda yara ke zama da yamma. Allah ne ya kiyaye babu kowa. Da injiniya ya zo ya sa aka fasa, sai ga rodin da aka saka mai kaurin yatsa ya koma siririn da hannu ke lanƙwasawa. Sai da aka tokare barandar da turaku, aka sake ta daga farko, kuɗin hayar gidan na shekarar nan duka can ya tafi.

Saboda haka don Allah a daina yaɓe a kan tsatsa. Duk wanda ya ce maka zai rufe rodi mai tsatsa da siminti ba tare da ya fasa ya kai bayansa ba, sallame shi tun bai sauke kayan aiki ba. Ka ɗauki guduma ƙarama ka riƙa ƙwanƙwasa kankaren a hankali. Mai lafiya ƙara yake yi tsaf, wanda ya rabu da rodi kuwa amonsa na holoƙo ne. Duk inda ya yi holoƙo a fasa, a kankare rodin da buroshin ƙarfe har ya yi haske ta kowane gefe, a shafa maganin tsatsa, sannan a cike da simintin gyara. Idan rodin ya sirance, ko ginshiƙi ne abin ya shafa, wannan ya wuce birkila, injiniya za a kira. Wasu na tsoron kada maganar ta kai kunnen LASBCA, hukumar da ke kula da gine-gine a jihar, a zo a yi wa gida jan fenti, alamar cewa ginin na da haɗari. Jan fentin ya fi sauƙi a kan dakin ya sauko wa masu barci.

Sauran kurakuran ba sa buƙatar dogon bayani. Ana buga kwanon alminiyom da ƙusar ƙarfe, ƙarafan biyu ba sa jituwa a cikin laima mai gishiri, ramin ƙusar ya cinye ya faɗaɗa, ruwa ya samu ƙofa. Ana ganin tabo a silin a hau sama a yi faci daidai kansa, alhali ruwa kan bi katako ya yi tafiya kafin ya ɗiga, yoyon yana can gaba. Ana jingina durowar kaya da bango har funfuna ta cinye shaddodi, ni tazarar tafin hannu nake bari. Ana goge baƙar funfuna da busasshen tsumma, ƙurarta ta tashi ta shiga ƙirjin yara. A jiƙa ta da ruwan bilic tukuna, tagogi a buɗe. Sokawe ya cika kwana kaɗan bayan an kwashe, a zargi masu kwasa, alhali ruwan ƙasa ne ya taso ya shiga ta bangonsa.

Gara kuma ba a jiran ganinta. Siririyar hanyar ƙasa da ta hau bango, ko ƙyauren da ya yi taushi idan ka danna shi da sukundireba, sun isa shaida. Katakon rufi ni Solignum, maganin gara na katako, nake sa a shafa masa. Na san masu shafa baƙin mai, ban hana kowa ba, amma ba na yi.

Tsagin bango na fi son a sa masa ido maimakon a yi saurin cike shi. Ka ja layi da fensir a ƙarshensa, ka rubuta kwanan wata a gefe. In bayan wata biyu ya wuce layin, ko yana bin bulo hawa-hawa, ko ƙofa ta fara cijewa a gefen, ƙasa ce ke motsi a ƙarƙashin fandisho, abin da ba baƙo ba ne a unguwannin da aka cike fadama da yashi aka yi gini.

Lokacin duba gida ma ana kuskurensa. Mutane na zagayawa da rana tsaka a Janairu, lokacin da komai ya yi kyau, su biya kuɗin gida. Ni lokacin da ake tsuga ruwan Yuni nake fita da tocila da lema, in ga inda indararo ke zubarwa, in ga ko ruwa na kwanciya a gindin bango, in leƙa cikin silin. Abin da na gani in rubuta, in jira sararawar Agusta in sa kafinta ya hau rufi, kafin ruwan Satumba ya dawo.