Kurakuran da aka fi yi wajen kula da manhajar layin umarni

Mai kula da buɗaɗɗiyar manhajar layin umarni, wato wadda ake sarrafawa ta hanyar rubuta umarni, yakan ɗauka mutum ne ke zaune gaban allo yana karanta abin da ta fitar. Sau da yawa kuwa wata manhajar ce ke karantawa, ko wani tsohon sikirif (fayil mai jerin umarni) da mai shi ma ya manta ya rubuta. Yawancin kurakuran daga mantawa da wannan suke tasowa.

Mafi yawa shi ne cakuɗa sakamako da saƙonni. Ƙofofin fita biyu ne: stdout mai lamba 1 na ainihin sakamako ne, stderr mai lamba 2 kuma na gargaɗi da kuskure da bayanin inda aiki ya kai. Idan ka tura "ana lodawa" ta stdout, duk wanda ya haɗa manhajarka da wata kamar sort ko jq ta bututu (alamar `|` mai miƙa sakamakon wata manhaja ga wata) zai kwashi shara cikin bayanansa. Gwada ta da `2>/dev/null`. Wannan zai ɓoye stderr, abin da ya rage a allo ya zama sakamako zalla. Launi ma haka, kada a saka shi sai gwajin isatty ya tabbatar allo ake rubutawa, kuma a kashe shi idan mai amfani ya saita NO_COLOR.

Sai lambar fita, wadda manhaja ke bayarwa idan ta gama, inda 0 ke nufin nasara. Manhaja ta buga "an samu matsala" amma ta fita da 0, shi ke nan `&&` da `set -e`, masu duba wannan lamba kafin a wuce umarni na gaba, sun ɗauka lafiya lau, aiki ya ci gaba a kan ɓarna. A yi koyi da grep, manhajar neman rubutu: 0 idan ta samu abin da ake nema, 1 idan ba ta samu ba, 2 idan kuskure ya auku. A kuma gwada `| head -1`, domin head na rufe bututu da zarar ta karɓi layinta, manhajojin Python da yawa sai su zubo dogon BrokenPipeError. Nan shiru ya kamata a fita.

Kuskuren da ya fi tsada shi ne canza sunan zaɓi ko tsarin sakamako don kawai a ƙara kyau. Ka sauya jerin ginshiƙai biyu, wani can yana yanko ɗaya daga cikinsu da manhajar awk, aikinsa na dare ya tsaya bai san dalili ba. Dubi haƙurin GNU grep: tun 2007 aka ce a daina amfani da tsofaffin umarninta egrep da fgrep, amma sai a sigar 3.8 ta 2022 suka fara buga gargaɗi, kuma ba a cire su ba. Tsarin ke nan: ƙara sabon zaɓi, bar tsohon yana aiki da gargaɗi ta stderr, rubuta shi a takardar canje-canje, kada a cire sai lambar farko ta siga ta ƙaru, misali daga 1.9 zuwa 2.0. Idan kana son 'yancin gyara abin da mutane ke gani, ware wa sikirif tsarinsu da ba ya motsi, kamar `git status --porcelain` ko zaɓin `--json`.

"Ai yana aiki a kwamfutata" ba gwaji ba ne. `sed -i` na GNU da na macOS ba su karɓar umarni iri ɗaya, kuma bash ɗin da ke zuwa da macOS 3.2 ne. A gwada da fayil mai sarari a sunansa, da mai farawa da `-`, wanda saboda shi ake buƙatar `--`. A gwada da sunaye irin "ƙididdiga.txt", domin ƙ da ɗ da ɓ kowanne bayit 2 ne a UTF-8, mai ƙirga bayit a madadin harufa zai karkatar da ginshiƙai ko ya yanke harafi a tsakiya. Duk matsalar da aka gyara a bar mata gwajinta. Idan tsohuwa ta dawo, `git bisect` zai nuno canjin da ya jawo ta.

Gajiya kuma kan sa a miƙa wa wani ikon fitar da siga ba bincike. A Maris 2024 wani injiniyan manhaja, Andres Freund, ya lura shiga kwamfuta daga nesa ta ssh na jinkiri da kusan rabin daƙiƙa, bin diddiginsa ya tono ƙofar baya, wato ɓoyayyiyar hanyar kutse, a manhajar matse fayil ta xz, siga 5.6.0 da 5.6.1. Wanda ya dasa ta ya daɗe yana ba da gudummawa har aka amince masa, kuma wani ɓangaren makircin yana cikin ƙunshin da aka rarraba ne, babu shi a git, ma'ajiyar tarihin canje-canjen manhajar. Saboda haka a riƙa gina ƙunshin siga kai tsaye daga alamar sigar a git ta hanyar da kowa zai iya maimaitawa, mutum na biyu ya kwatanta su kafin a saki, kuma kada a karɓi fayil ɗin gwaji da ido ba ya iya karantawa sai da sikirif ɗin da ya samar da shi.