Yadda za ka kafa tsanin ƙwallon tebur a unguwarku

Teburinmu yana cikin wata rumfar kwano a Tudun Wadan Kaduna, kuma mun yi shekaru doka ɗaya ce ke aiki a kansa: wanda ya ci shi zai tsaya. Duk wanda ya taɓa zama a irin wannan wuri ya san abin da dokar ke jawowa. Gwanaye biyu ko uku ne za su riƙe tebur daga la'asar har kiran magariba. Yaro ya daɗe a layi yana jiran zuwansa, ya hau, a ci shi 11 da 2, ya sauka ya koma ƙarshen layi. Bayan sati uku sai ka daina ganinsa. Yaran da muka rasa ta wannan hanya su ne suka sa na kawo shawarar tsani, kuma abin da zan rubuta a nan shi ne abin da muka gwada da hannunmu.

Tsani jerin sunaye ne daga sama zuwa ƙasa. Na ƙasa ya ƙalubalanci wanda ke samansa, idan ya ci ya hau. Ba kamar gasar sili ɗaya ƙwale ba ce da za a fitar da kai tun ranar farko ka koma ɗan kallo. A tsani kowa yana da abokin karawa daidai ƙarfinsa, kuma wasan wanda ke mataki na 18 da na 16 yakan tara 'yan kallo kamar na waɗanda ke can sama.

Fara da allo. Mu falle ɗaya na katako muka samu, muka buga ƙusoshi a jere, muka rubuta lamba kusa da kowace ƙusa, sunan kowane ɗan wasa kuma a kan ɗan kwali mai huji. Muna da zauren WhatsApp, amma allo ne hujja, domin rabin yaranmu ba su da waya, sannan akwai daɗi na musamman idan mutum ya cire kwalinsa da hannunsa ya rataye shi sama a gaban jama'a. Duk daren Lahadi mai riƙe da littafi ya ɗauki hoton allo ya tura zaure.

Kada ka bari a zauna a tattauna wanda ya fi wani kafin a fara, nan ne rigima ke tashi tun ba a buga ƙwallo ko ɗaya ba. A zuba sunaye cikin hula, ƙaramin yaro ya zaro ɗaya bayan ɗaya. Gwanin da ƙuri'a ta jefa mataki na 15 zai yi ƙorafi kwana biyu, amma cikin sati uku tsani zai daidaita kansa. Wanda ya shigo daga baya kuwa daga ƙasa zai fara, ko wane ne shi.

Mu mutum ashirin da 'yan kai ne, saboda haka muka yarda mutum ya ƙalubalanci wanda bai wuce mataki uku a samansa ba. Idan ba ku kai goma sha biyu ba, mataki biyu ya isa. Abin da ya fi ba mu wahala shi ne yadda za a matsa bayan wasa. Da farko musanya muke yi: na 9 ya ci na 6, sai su canza wuri. Sai muka lura mutane sun fara gudun wasa, domin faɗuwa mataki uku a yammaci guda tana da ciwo. Muka sauya. Yanzu idan na 9 ya ci na 6, shi ya zama na 6, tsohon na 6 ya koma 7, na 7 ya koma 8, na 8 ya koma 9. Wanda aka ci mataki ɗaya kawai ya rasa. Na 7 da na 8 ba su yi wasa ba amma sun sauka, kuma haka muke so, domin zama wuri ɗaya ba tare da wasa ba bai kamata ya amfani kowa ba. Idan kuwa na sama ne ya ci, allo ba ya motsi.

Yanzu ga dokar da in babu ita tsani ya mutu. Duk wanda aka ƙalubalanta yana da kwana bakwai. Cikin kwana biyun farko zai ba da lokuta biyu da yake da sarari, mai ƙalubale ya zaɓi ɗaya. Kwana bakwai suka cika ba a buga ba saboda shi, an ci shi ke nan, a matsar da kwali. Rubuta ta da sauƙi. Aiwatar da ita a kan babban mutum shi ne aikin. A watanmu na biyu wani dattijo da muke girmamawa, wanda kuma shi ne ya saya mana raga, yana mataki na biyu, wani ɗan sakandare ya ƙalubalance shi. Yau kasuwa, gobe baƙi, har sati ya ƙare. Na same shi bayan isha'i na ce, "Baba, wa'adi ya cika, kuma da ku aka kafa dokar nan." Ya yi shiru kaɗan, sannan ya ce, "Je ka matsar da shi, ɗana, Alhamis zan zo in karɓi wurina." Ya zo kuwa. Tun daga ranar babu wanda ya sake neman a ɗaga masa ƙafa. Da na yi kawaici a wannan dare, da yaran sun gane cewa tsani na manya ne, su kuwa cika lissafi kawai suke.

Uzuri na gaskiya daban ne. Rashin lafiya, rasuwa, tafiya, ko ɗalibi mai zana WAEC, sai mu cire kwalinsa mu rataye a gefe. Idan ya dawo cikin wata guda, a mayar da shi mataki biyu ƙasa da inda ya bari. Sannan mutum ba ya riƙe ƙalubale fiye da ɗaya a lokaci guda, kuma wanda ka kara da shi yau ba za ka sake nemansa ba sai ka buga da wani. Wanda ya kare matakinsa muna ba shi kwana biyu da ba za a taɓa shi ba, domin shi ma ya samu damar neman na samansa. In ba haka ba, na tsakiya kullum tsaron gida zai riƙa yi.

Game da wasan kansa, ku daina buga gem mai maki 21. Hukumar ƙwallon tebur ta duniya, ITTF, ta mayar da gem zuwa maki 11 tun 2001, ana karɓar sabis bayan kowane maki biyu, idan aka kai 10 da 10 kuma ɗaya ɗaya har sai wani ya ba da tazarar biyu. Wanda ya fara cin gem uku ya ci wasa, kuma yawanci minti ashirin zuwa ashirin da biyar ya isa, ka ga a yammaci guda za a yi wasan tsani uku ko huɗu. Mun ware Talata, Alhamis da Asabar don tsani, sauran ranaku a buga yadda aka saba.

Kusan duk gardamar da na raba a kan sabis ce. Doka ta ce ƙwallo ta zauna a buɗaɗɗen tafin hannu, a jefa ta sama aƙalla santimita 16, kuma kada a ɓoye ta da hannu ko jiki. Yawancinmu mun taso muna buga ta kai tsaye daga cikin yatsu, don haka muka ba kowa sati biyu na gargaɗi kafin a fara cire maki. Ƙwallon da ta taɓa bakin saman tebur ta shiga, wadda ta bugi gefensa ta fita, kuma tunda ido biyu ba sa yarda da juna a nan, kowane wasan tsani sai da mutum na uku a matsayin alƙali. Shi zai rubuta sakamakon kowane gem a littafi, su biyun su sa hannu.

Ku auna teburinku ko da kafinta ne ya yi shi: tsawo mita 2.74, faɗi mita 1.525, tashi daga ƙasa santimita 76, raga santimita 15.25. Namu ya gaza da kusan tsawon yatsa, sai da muka sa katako a ƙarƙashin ƙafafu. Ƙwallo kuwa giram 2.7 ce kacal, iskar hunturu tana wasa da ita yadda take so, shi ya sa muka zagaye ɓangaren gabas da arewa na rumfar da tabarmi. Ku sayi iri ɗaya mai milimita 40, ku ajiye ta don wasan tsani kaɗai.

Kowa yana ba da ɗari biyar a wata, ɗalibai rabi, don ƙwallaye da ƙwan fitila. Caca kuwa mun hana ta kwatakwata, har ta 'yan kallo. Ranar da kuɗi ya hau tebur, iyaye za su janye 'ya'yansu, kuma suna da gaskiya.

Wani abokinmu mai ilimin kwamfuta ya so mu koma tsarin maki na Elo, wanda Arpad Elo ya ƙirƙira don wasan ches. Tsari ne mai kyau idan kun yi yawa kuma kuna da tebura da dama. Ga mutum ashirin a rumfa ɗaya, allon da yaro zai kalla ya gane nan take ya fi.

Muna yin zango na sati takwas, muna tsayawa da azumi, sai dai masu ƙarfin hali su buga na nishaɗi bayan asham. A ƙarshen zango huɗun farko su kara a rana guda. Amma kyautar da na fi dagewa a kanta ita ce ta wanda ya fi kowa hawa matakai da ta wanda ya fi kowa yawan wasa, domin waɗannan biyun kusan kullum daga ƙasan allo suke fitowa. Kafin a raba kyauta muna haɗuwa a kan waya ɗaya mu kalli wasan da Aruna Quadri ɗan Najeriya ya doke Timo Boll na Jamus a Olamfik ta Riyo a 2016, wanda ya sa ya zama ɗan Afirka na farko da ya kai zagayen kusa da na kusa da ƙarshe a ƙwallon tebur na Olamfik. 'Yan mata shida da suka nemi nasu allon, muka ba su safiyar Asabar tare da wata malamar makaranta mai riƙe musu littafi, su labarin Funke Oshonaike aka ba su, wadda ta wakilci Najeriya a Olamfik sau bakwai. Zangon da ya wuce sun zama tara, kuma sun nemi a ƙara musu safiyar Lahadi. Za mu duba buƙatar a zamanmu na farkon wata.