Yadda Ake Haɗa Ƙwayayen Fitila da Makunni a Jere

Haɗin jere shi ne wanda wuta take da hanya ɗaya tak: ta fita daga batir, ta ratsa kowane abu bi da bi, ta koma batir. Tanadi batir biyu masu bolt 1.5 (bolt shi ne ma'aunin ƙarfin tura wuta), ƙananan ƙwayayen tocila biyu iri ɗaya masu zare a ciki, makunni, da guntayen waya. Kada ka kuskura ka gwada wannan da wutar bango.

Fara da jera batiran, kan wannan a gindin wancan, ka naɗe su da salatif. Bolt 3 ke nan. Ja waya daga kan batir zuwa makunni, daga makunni zuwa ƙwai ɗaya, daga ƙwan zuwa gindin batir. Kunna, ka riƙe ƙarfin hasken a ranka.

Kashe, ka sa ƙwai na biyu tsakanin na farko da gindin batir. Da ka kunna za ka ga dukansu sun dushe, zaren ya yi ja-ja kamar garwashin da toka ta fara rufewa. Bolt 3 ɗin suka raba, kowane ya samu 1.5, wutar da ke gudana kuma ta ragu tunda zare biyu take ratsawa. Mutane da yawa na ɗauka ƙwan farko ne ke shanye wuta ya bar wa na biyu saura. Ba haka ba ne. Musanya musu wuri, hasken ba zai canza ba, don abin da ya bi ta wannan shi ya bi ta wancan.

Yanzu warware ƙwai ɗaya. Nan take ɗayan ma zai mutu, alhali lafiyarsa ƙalau; hanya ce ta yanke.

Makunni kuwa bai damu da inda ka ajiye shi ba. Mayar da shi tsakanin ƙwayayen biyu, zai kashe su tare kamar da. In ka ƙara wani makunnin a layin, sai ka kunna duka biyun kafin ka ga haske.

In kana da ƙwayaye masu bolt iri ɗaya amma wat (ma'aunin cin wuta) daban, jera su. Mai ƙaramin wat ne zai fi haske, domin zarensa ya fi hana wuta wucewa, sai ya ɗauki kaso mafi tsoka na bolt ɗin.