Ga ƙannenmu masu ɗokin hawa Table Mountain

Duk wanda ya sauka Cape Town ta Afirka ta Kudu, kafin ya gama sanin hanyar masallaci idonsa na kan dutsen nan mai shimfiɗaɗɗen kai. Kana hango shi daga tagar ɗakinka, sai ka ɗauka abin "bari in leƙa in dawo" ne. To, gandun daji ne na ƙasa tun 1998, hukumar SANParks ke kula da shi, kuma ƙololuwarsa, Maclear's Beacon, ta kai tsayin mita 1,086 sama da matakin teku.

Zuwa gindinsa ba wani aiki ba ne. Uber ko Bolt zai ajiye ka a titin Tafelberg, hanyar Platteklip Gorge kuma ba a biyan kuɗin shiga. Ita ce ta sabon shiga: matakalan duwatsu cikin wani tsagi, awa biyu zuwa uku ga mai matsakaicin ƙarfi. Ba ta da ruɗani, gwiwa ce kawai za ta gaya maka. Hanyar India Venster kuwa ka bar wa waɗanda suka san dutsen, don akwai inda sai ka kama da hannu, rami na ƙasanka.

Inda ake shan wuya shi ne saukowa. Kowa lissafinsa ɗaya: in hau da ƙafa, in sauko a motar igiya mai bin waya ta sama, wadda ke aiki tun 1929. Amma motar nan ba alkawari ta yi maka ba. Da iskar kudu maso gabas ta taso, wadda mutanen gari ke ce wa Cape Doctor, sai a rufe ta, ko mutum nawa ke sama. Iskar kuma ta fi ƙarfi a lokacin zafinsu, wajen Nuwamba zuwa Fabrairu, daidai lokacin da garau ɗin sararin sama ke rinjayar mutane su fito. Ita ce ke kwaso danshin teku ta tura shi kan dutsen, ya huce ya zama farin gajimaren da ke lulluɓe samansa. Daga cikin gari abin sha'awa ne, kowa na ɗaukar hoto. Idan kana cikinsa, wanda ke gabanka da taku goma ba ka ganinsa, saman kuma duk iri ɗaya ne, gefensa gangare ne tsaye.

Akwai wasu samari namu ɗalibai da suka tashi bayan an sauko Juma'a, ɗaya da jallabiya da silifas, robar ruwa guda ce tsakaninsu. Sun isa sama la'asar sakaliya, suka tarar an rufe mota. A gari ana zufa, can sama haƙoransu na kaɗawa, don kowane mita 1,000 da ka hau zafi na raguwa da kusan digiri 6, ga iska a kai. Haka suka biyo Platteklip cikin duhu da fitilar waya, har cajin ya ƙare, mai silifas yana saukowa da mazaunai, igiyar takalmin ta tsinke tun a sama. Allah ya kiyaye, targaɗe kawai aka samu. Da na yi musu faɗa, ɗaya cewa ya yi, "Yaya, ai mun ga har tsofaffin Turawa na hawa." Su tsofaffin ka duba jakarsu tukuna, ka kuma tambaye su ƙarfe nawa suka fito.

Saboda haka, ɗan'uwa, ka fito bayan asuba da niyyar cewa ƙafar da ta kai ka ita za ta dawo da kai; in an samu mota, ƙari ne. Kambas mai kama ƙasa, ruwa lita biyu naka kai kaɗai, rigar sanyi ko da gari na tafasa, hula, waya cike da caji. Platteklip ba ta da inuwar kirki. In ka ji ƙarar igwar tsakar rana daga tudun Signal Hill, wadda ake harbawa ƙarfe 12 ban da Lahadi da ranakun hutun gwamnati, alhali ba ka fara hawa ba, ka haƙura sai wata rana. In kuma ka kai ƙarshen tsagin can sama ka ga gajimare na rufowa, ka manta da Maclear's Beacon, don tafiyar kusan minti 45 ce daga nan, ga kuma dawowa.

Masu ɗauko tukunyar shisha, ku ji tsoron Allah. Ciyayin dutsen nan kamar an zuba musu fetur suke. Gobarar Afrilun 2021 daga gangarensa ta sauko ta cinye ɗakin karatu na Jagger a Jami'ar Cape Town.

Kada ka hau kai kaɗai. Ana yi wa mutane ƙwace a wasu hanyoyin, kuma ko ba ɓarawo, wanda ya gurɗe ƙafa yana bukatar mai kira masa agaji. Ka ajiye lambar masu ceto ta Wilderness Search and Rescue, 021 937 0300, ka gaya wa wani hanyar da za ka bi da lokacin dawowarka. Alhamdu lillahi, jama'armu a garin nan ba a rasa wanda ya san dutsen, kuma ban taɓa jin an nemi rakiya an hana ba. Girman kai ne kawai ke hana ku tambaya.