Bitamin A da ƙaramin ciki: yadda za ki lissafa abin da kike sha

Tsakanin kwana na 15 da na 60 bayan shigar ciki ake ƙera zuciyar ɗan tayi, da ƙwaƙwalwa, da kunnuwa, da ganɗa. Mata da yawa a Maradi ba sa zuwa awo sai ciki ya fito, lokacin wannan aiki ya riga ya ƙare. Don haka lissafin yana farawa tun ranar da kika ga ɓatan wata.

Bitamin da ya fi haɗari a nan shi ne A irin na dabba, wato retinol. Jiki ba ya zubar da rararsa a fitsari, a hanta yake tara ta. Shi ne kuma yake nuna wa ƙwayoyin halittar ɗan tayi inda za su zauna. In ya yi yawa sai tsarin ya rikice, a haifi jariri da kunne ƙanƙane ko babu, ko tsagaggiyar ganɗa, ko nakasa a manyan jijiyoyin zuciya, ko ruwa a kai.

Iyakar da Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa wa mai ciki ita ce IU (ma'aunin ƙarfin bitamin) 10,000 a rana, ko 25,000 a mako. Tara duk kwalaben da kike sha, har da sirop na buɗe ciki da na ƙiba da man hantar kifi, ki duba bayan kowanne. Na faramasi ana rubuta UI, waɗanda ke shigowa daga Najeriya ta Ɗan Issa kuwa IU, duk ɗaya ne. In da µg (mikrogiram) aka rubuta, µg 3,000 shi ne IU 10,000. Sai ki haɗa jimilla. Nan ake faɗawa rami: kowace kwalba ita kaɗai ba laifi, uku a haɗe sun zarce. Wanda aka saya a tebur babu kwali, ajiye shi.

Ƙwayar nan mai ɗan wutsiya da ake ɗiga wa yara lokacin kamfe, shuɗiya IU 100,000 ce, ja 200,000. Mai ciki ba ta shan ko ɗaya. Haka maganin ƙurajen fuska isotretinoin, dangin bitamin A ne, kuma ya fi shi ɓarna.

Hanta ma a kula. Giram 100 na gasasshiyar hantar sa ko rago ya wuce iyakar rana nesa ba kusa ba, kuma da Sallar layya ita ake fara miƙa wa mai ciki don tausayi. A watanni uku na farko a ba ta tsoka.

Zogale, karas, kabewa, mangwaro da manja ba su cikin wannan lissafi. Daga cikinsu jiki abin da yake buƙata kawai yake juyawa ya zama bitamin A. Ki ci sosai, don a nan ƙarancin bitamin A ya fi yawansa addabar mata. In kina dundumi da magariba, faɗa wa ungozomar CSI, wato ƙaramin asibitin unguwa ko ƙauye, ta auna miki adadin da ya dace.

Bitamin D kada ya wuce IU 4,000 a rana sai da umarnin likita, don yawansa yana cika jini da kalsiyam. Maganin ƙarin jini na awo, mai ƙarfe da folik asid µg 400, babu retinol a ciki. Ƙwaya ɗaya kullum, kada tsoro ya sa ki bari: folik asid ne ke taimaka wa lakar baya ta rufe kafin kwana 28 da shigar ciki.