Yadda Ake Tsare Lafiyar Ma'aikata a Sito

Duk wanda ya taɓa shiga sito a Sakkwato da tsakar ranar watan Afrilu, lokacin da zafi ke haura digiri 40 kuma rufin kwano ke ƙara masa ƙarfi, ya san cewa dako a irin wannan wuri aiki ne mai haɗari. Mai sito na iya rage mafi yawan haɗarin ba tare da kashe kuɗi mai yawa ba, muddin ya tsara wurin tun kafin kaya su cika shi.

A fara da jera kaya, domin a nan aka fi samun rauni. Kada a ɗora buhu a kan daɓe kai tsaye; a shimfiɗa katako, sannan a jera buhunan a sarƙe, kowane layi ya gitta na ƙasa da shi, kamar yadda magini ke haɗa bulo. Buhun siminti ko na taki kilo 50 ne, na hatsi kuwa yakan kai 100, saboda haka tarin da ya karkata ya isa ya karya ƙashin bayan ɗan dako idan ya rufto. A bar tazara tsakanin tari da bango, a kuma bar hanyar da mutum biyu ɗauke da kaya za su gifta juna. Idan an zo sauke kaya a fara daga sama. Zare buhu daga tsakiya, ko da ana sauri, ganganci ne.

Abin da aka fi sakaci da shi shi ne ƙwayar maganin ƙwari da ake sa wa wake da masara. Da zarar danshi ya taɓa ta sai ta saki iska mai guba wadda ke kashe mutum kamar yadda take kashe ƙwaro. Wanda aka horar ne kaɗai ya kamata ya sa ta, a rufe wurin, a manna gargaɗi a ƙofa da boko da ajami, kuma a hana mai gadi kwana a ciki ko a ɗakin da ke manne da siton. Ranar buɗewa a bar ƙofofi a buɗe iska ta ratsa sosai kafin kowa ya shiga. Taki da maganin feshi su sami nasu ɗakin dabam da kayan abinci.

Gobarar da ta ci babbar kasuwar Sakkwato a watan Janairun 2021 ta nuna yadda wuta ke gudu a cikin kaya masu cunkoso lokacin hunturu. A kira ƙwararren mai gyaran wuta ya duba wayoyi, a ajiye janareto da fetur a waje, a rataye na'urar kashe gobara kusa da ƙofa tare da bokitin yashi, kuma kada a watsa ruwa a wutar lantarki. Ƙofar baya da aka toshe da buhuna ba ta da amfani ranar da aka buƙace ta.

Lodi mai nauyi a mayar da shi sassafe ko bayan la'asar, musamman da azumi, a tanadi inuwa da ruwa, da takunkumi ga masu ɗaukar siminti.

Ta fuskar doka kuwa, wurin da ake sarrafa kaya, kamar injin casar shinkafa, yana ƙarƙashin Dokar Masana'antu ta 1987, wadda ta wajabta rajista da Ma'aikatar Ƙwadago ta Tarayya, da kai rahoton duk haɗarin da ya kashe ma'aikaci ko ya hana shi aiki fiye da kwana 3. Dokar biyan diyya ta 2010 ta ɗora wa mai aiki biyan kashi 1 cikin 100 na albashin ma'aikatansa ga hukumar inshorar ma'aikata ta NSITF, wadda ke biyan wanda ya ji rauni. Don haka a ajiye littafi guda na rubuta haɗari da ranar da aka duba na'urorin kashe gobara, domin takarda ce jami'in bincike zai nema idan ya zo.