Motsa jiki a kan sandar ƙarfe: shawara ga 'yan uwa mata sababbin zuwa Ingila

A watan Disamba rana tana faɗuwa a Landan tun kafin ƙarfe huɗu na yamma, kuma wadda ta zo daga Kano ko Maraɗi ba ta daɗewa take jin haka a jikinta. A gida jiki yana aiki ko ba a yi niyya ba: shara, wanki, kasuwa, gidan biki, gidan suna. A nan kuwa inji ke wanki, bas ke kai ki aiki, sanyi ya hana ki leƙa waje. Kafin shekara ta zagayo sai ciwon baya da kasala su sami wurin zama. Hukumar lafiya ta NHS tana shawartar kowane baligi ya yi motsa jiki na minti 150 a mako, ya kuma ware aƙalla kwana 2 don ƙarfafa tsoka. Wannan na biyun shi ne mu mata muka fi sakaci da shi, shi ya sa nake so in yi miki bayanin wata hanya da kunya ke hana da yawa daga cikinmu ko tambaya a kanta.

Ana kiranta pole fitness, kuma da wannan sunan za ki neme ta a intanet. Sanda ce ta ƙarfe da aka kafa daga ƙasa zuwa silin, mutum ya riƙe, ya juya, ya hau, ya ɗaga nauyin jikinsa da hannu da cinya da tsokar ciki. Ba zan ɓoye miki ba, 'yar uwa: salon da ya bazu a Turai da Amurka ya fito ne daga gidajen rawa na dare, kuma shi ya sa sunan yake da nauyi a kunnenmu. Amma hawan sanda don nuna ƙarfi ya girmi waɗannan gidajen. A Indiya 'yan kokawa sun daɗe suna atisayen mallakhamb a kan sandar katako, haka 'yan wasan tsalle-tsalle na Sin suna hawan dogayen sanduna da tufafinsu. A 2009 aka kafa ƙungiyar duniya ta wannan wasa, IPSF, a 2012 ta shirya gasarta ta duniya ta farko a Landan. Yau akwai ajin da ba shi da abin da ya haɗa shi da rawar dare, akwai kuma wanda ya ginu a kanta, da takalma masu tsini da komai. Sau da yawa wuri ɗaya ke koyar da duka biyun, a ranaku daban. Aikinki shi ne ki tantance tun kafin ki biya ko kwabo.

Ki aika wa masu wurin saƙo ko ki buga waya. Mutanen nan sun saba da tambaya, ba sa ɗaukarta rashin ta ido. Ki tambaya ko ajin na mata ne zalla, har da mai koyarwar, domin wurare da yawa suna karɓar maza. Ki tambaya ko akwai taga da ake hango ciki daga titi. Abin da na fi so ki kula da shi kuwa shi ne waya: ɗalibai suna yawan jingine wayoyinsu suna ɗaukar kansu bidiyo don su ga ci gabansu, wasu su ɗora a Instagram, ke kuma kina can bayansu a cikin hoton ba ki sani ba. Wurin kirki yana da doka a kan haka. Ki faɗa wa malamar tun ranar farko cewa ba kya son ki fito a bidiyon kowa, ki zaɓi sandar da ke gefe. Idan aka yi miki ƙunƙuni a kan wannan buƙata, wurin ba naki ba ne. In ɗaliba ce ke, ki duba ƙungiyar ɗalibai ta jami'arku, jami'o'i da yawa suna da kulob na wannan wasa kuma ya fi araha.

Sai maganar sutura, wadda ita ce ainihin damuwar yawancinmu. Gajeren wandon da masu wannan wasa ke sawa ba ado ba ne kawai: fata ce ke kama ƙarfe, yadi kuwa zamewa yake. A darussan farko, inda ake koyon riƙo da tafiya a gewayen sanda da juyi na hannu, dogon wando da riga mai hannu sun wadatar. Idan aka zo hawa da zama a kan sanda ne ake buƙatar ƙwauri da cinya su kama. Nan ma akwai mafita. Ana sayar da dogon wando mai ɗanko da aka yi musamman don wannan, akwai kuma sanda mai rufin roba da ake hawa da cikakkiyar sutura, hasali ma ita idan fata ta taɓa ta kai tsaye zafi take yi. Ba kowane wuri ke da ita ba, sai ki tambaya. Mayafi mai ja da ƙasa da ɗankwali mai allura suna da haɗari a wurin juyi. Hijabin wasanni mai kama kai shi ya dace. Hukuncin addini kan kiɗan da ake sawa da iyakar sutura a tsakanin mata kuwa, ki kai wa malaman da kika yarda da su, ki kuma yi shawara da maigida ko iyaye a fili, kada ya zama abin da ake yi a ɓoye.

Ranar darasi kada ki shafa mai. Na san wannan da wuya, domin sanyin ƙasar nan yana busar da fata har ta yi fari, kuma mun saba da man kaɗanya da basilin bayan kowane wanka. Amma mai a hannu ko a ƙafa shi ke kayar da mutum, kuma yana ɓata sandar ga wadda za ta hau bayanki. Ki shafa da daddare bayan kin dawo. Ki cire zobe da awarwaro da agogo. Idan tafin hannunki mai gumi ne, akwai ruwan alli da ake shafawa don riƙo ya yi ƙarfi. Wadda ɗankunnen ƙarfe ke sa wa ƙaiƙayi ta nemi sandar da ba ta da sinadarin nikel.

Makonnin farko jiki zai yi tsami, jini zai taru a ƙwauri da bayan gwiwa, tafin hannu ya yi kanta irin ta mai daka. Duk wannan yana raguwa. Jirin juyi ma jiki yana sabawa da shi. Abin da ba a yi wa haƙuri shi ne zafi mai suka a kafaɗa ko wuyan hannu. Da kin ji shi ki tsaya. Yawan rauni yana zuwa ne daga gaggawa, musamman son kifa kai ƙasa kafin tsokar ciki ta yi ƙwari, ko tsalle a faɗa wa sanda maimakon a ɗaga jiki a hankali. Malamar ƙwarai za ta sa ki ɗumama jiki da farko, ta shimfiɗa katifa a ƙasa, ta tsaya kusa da ke, ta kuma matsa miki ki yi kowane motsi da dama da hagu. Ba sai kina da ƙarfi ko kin rame za ki fara ba, ƙarfin a can ake samo shi. Sau ɗaya a mako ya isa mafari.

Za su ba ki takardar tambayoyin lafiya ki cike, ki faɗi gaskiya. Mai hawan jini, mai juna biyu, da wadda ta haihu kwanan nan, balle ta hanyar tiyata, su fara ganin likitan unguwa, wato GP, wanda rajista da shi kyauta ce. Lokacin juna biyu tsokar ciki kan rabu, kuma ɗaga jiki a kan sanda bayan haihuwa kafin ta haɗe yana iya ƙara ɓarna. Ki kuma tambayi likita ko mai kemis game da bitamin D: shawarar NHS ita ce maikrogram 10 a kullum lokacin kaka da hunturu, masu baƙar fata da masu rufe jiki kuwa duk shekara, saboda ƙashi da tsoka suna buƙatarsa. Da azumi ki mayar da darasi bayan buɗa baki ko ki huta. Hawan sanda da ƙishirwa ganganci ne.

Wasu sukan ce su sayi sanda su kafa a ɗaki su koya daga YouTube, don su huta da idon mutane. Kada ki fara da haka. Silin gidajen nan yawanci allon filasta ne, dole a daidaita sandar a ƙarƙashin katakon da ke riƙe da rufin, in ba haka ba ta huda shi ko ta sulɓe da ke. A gidan haya sai da izinin mai gida, domin ɓarnar daga kuɗin ajiyar da kika bayar lokacin kama hayar za a cire. Ki yi watanni a hannun malama tukuna, ita za ta gaya miki kaurin da ya dace da hannunki, yawanci milimita 45 ko 40.

Idan kin je kin ga zuciyarki ba ta kwanta ba, ki tambayi wurin ko suna koyar da lilo a zoben ƙarfe ko a dogon yadi da ake ratayewa daga sama. Su ma suna gina hannu da baya da ciki, kuma dogon wando da riga mai rufe hammata ake so a sa a yi su.